Kujera ta Arba'in

Kujeru arba'in ne a ɗakin gwajin kimiyya na makarantarmu, irin dogayen nan na katako marasa majingina, waɗanda in kika yi awa ɗaya a kai sai bayanki ya gaya miki. Saboda su ne ajin kimiyya bai taɓa wuce ɗalibai arba'in ba. Mu kuwa da muka gama aji uku a shekarar da sojoji suka koma bariki mun cika aji biyar, kuma kusan kowaccenmu an riga an naɗa ta likita ko nas a gidansu. Wadda ba ta samu kujera ba sai ajin kasuwanci ko na adabi, kuma daga can babu hanyar dawowa.

Makarantar 'yan mata ce ta jeka-ka-dawo, a kudancin kogin da ya raba garinmu biyu. Ni daga Tudun Wada nake zuwa kullum, domin babana yana aiki a wata masaƙa kusa da makarantar, shi ya samo mini gurbin. Bas biyu nake shiga kafin in isa.

Kafin shekararmu kowa ya san yadda ake shiga ajin kimiyya. Ana dawowa daga hutu za a tarar da takarda manne a allon sanarwa, an buga ta da tafireta, an shafe wasu sunaye da farin ruwan gyara an rubuta wasu da biro a kai. In kika ɗaga takardar ta saitin rana kina iya karanta sunan da aka binne a ƙasa. 'Yar wasiƙa ce kawai take zuwa daga wani mai anini a kafaɗa, ko daga matarsa, shi ke nan yarinyar da ba ta iya raba goma gida biyu ba ta zama 'yar kimiyya. Babu mai tambaya. Wa ma za ki tambaya?

Sai aka kawo mana sabuwar shugabar makaranta, wadda muke kira Madam. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, kuma ta sha mulkin farar hula ya kai mata karo. Ba ta yin magana uku ba ta ce “yanzu dimokuraɗiyya ce” ba. Ranarta ta farko ta tsaya a filin taro ta ce daga yau an daina wasiƙa, duk wanda ya aiko mata da ita a nan za ta karanta wa ɗalibai da sunan mai ita. Ta kuwa karanta guda biyu, muka yi ta tafi kamar hannayenmu za su tsage. Ba zan ci haƙƙinta ba, matar nan da gaske take, kuma na so ta ƙwarai a lokacin.

Ta shirya jarrabawa ɗaya ga duk mai son kimiyya. Ba a rubuta suna a takarda, lamba aka ba kowa. Malamai suka yi makin a babban zaure, ƙofofi da tagogi a buɗe, duk mai so ya leƙa. Mun leƙa kuwa, har sai da maigadi ya gaji da kora.

A nan ya kamata in kawo ƙawata. Benci ɗaya muka zauna tun aji ɗaya. Kirista ce, mutanensu daga kudancin jiha suke, suna zaune a Kamazou, babanta yana aikin leburanci wajen 'yan kwangila a gefen matatar mai ta Rido. Tun ranar da na san ta nas take so ta zama, shi ya sa nake kiranta Sista, ita kuma tana ce mini 'Yar Tudu. Makarantar nas ba ta ɗaukar wadda ba ta yi kimiyya ba, wannan ta sani, babanta ma ya sani. Lissafin da na iya a hannunta na iya shi. Tana da masifa in tana koyarwa, takan ƙwace biro daga hannuna ta ce, “'Yar Tudu, abeg, kanki na nan kuwa, ko kin bar shi a bas?” In azumi ya zo ba ta cin komai a gabana, sai ta zagaya bayan aji da ƙunshin gyaɗarta.

Ranar jarrabawar da zazzaɓi ta zo. Suwaita biyu ta sa a cikin wannan zafi, haƙoranta suna haɗuwa. Kujerata tana bayan tata, ina gani ta tashi ta fita ta yi amai, ta dawo, ta kifa kai na ɗan lokaci. Tambayar ƙarshe ba ta taɓa ta ba. Na san wannan domin da idona na ga shafin fari fat lokacin da ake karɓar takardu.

Ranar Alhamis aka karanta sakamako a filin taro, lamba da maki, daga sama zuwa ƙasa. Na zo ta goma sha bakwai. Ban iya murna ba, domin ina riƙe da hannun Sista, ana ta sauka ba a kira lambarta ba. Talatin da takwas. Talatin da tara. Madam ta gyara gilashi, ta ce a gurbi na arba'in lambobi biyu ne, makinsu ɗaya, ko rabin maki babu tsakani. Ta kira su. Ɗaya ta Sista ce. Ɗayar kuwa da aka ce mai ita ta ɗaga hannu, sai na ga 'yar maƙwabtanmu ce ta Tudun Wada, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu.

Malamin lissafinmu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ce a sake musu jarrabawa su biyun. A gabanmu ya faɗa. Madam ta ce wa zai fitar da tambayoyin, kuma wa zai yi makin? Yanzu an san fuskokinsu, an san inda kowacce take ibada, duk wadda ta ci za a ce malamin nasu ne. Wata malama ta ce a duba sakamakonsu na baya, Madam ta ce wancan na zamanin farin ruwan gyara ne, ba ta yarda da shi ba. Aka ce a ƙara kujera ɗaya mana. Ta ce in ta ƙara ta arba'in da ɗaya, gobe mai wasiƙa zai zo da ta arba'in da biyu a bayan motarsa.

Duk maganganun nan da gaskiyarta a ciki. Abin da ta yanke ne har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ta ce mu talatin da tara da muka riga muka shiga, mu da za mu zauna da ɗayarsu shekara uku, mu za mu zaɓa. Kuma ba da takarda ba, domin takarda ana maguɗinta. Za a yi irin zaɓen da aka taɓa yi a ƙasar nan, wanda ita ta gani da idonta ta yaba: kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna a bainar jama'a. Ranar Litinin, lokacin tashi.

Malamin lissafi ya ce, “Madam, yara ne fa. Kuma kin san garin nan.”

Ta ce, “Shi ya sa, Malam. Su koya tun yanzu.”

A lokacin gari ya fara ɗaukar zafi da maganganu. A bas za ki ji ana hira, wani ya shigo, a dubi shigarsa, a yi shiru. A makaranta ba mu kai nan ba, amma mun san wa ke zuwa daga wane gefen gada.

Kwana uku na yi a gida da abin nan a wuyana. Ranar Asabar da hantsi mahaifiyar yarinyar, wadda duk layinmu ke kira Hajiya, ta shigo da kwanon ɗanwake har da ƙwai a sama. Hajiya ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Ita ta yanke mini cibiya, ita ta yi wa Innata wankan jego na haihuwa huɗu, in Inna ba ta da lafiya daga tukunyarta muke ci. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta dafa kaina kawai ta ce, “'Yata, ashe ƙanwarki a hannunki take. To, alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.” Ta zauna suka yi hirar tsadar manja da Inna, ta tafi.

Na ce wa Inna, “Inna, waccan fa ta fi ta. Ba ta da lafiya ne ranar. Ita ta koya mini lissafi.”

Inna tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ni ban ce ki yi kaza ba. Amma a fili za a yi, ko? To duk 'yan unguwar nan da ke makarantarku za su dawo da labari. Ke za ki tafi makaranta da safe, ni zan wuni a nan.”

Na je wa Baba. Ya saurare ni da kyau, ya ce, “Ki bi gaskiya,” ya ɗauki rediyonsa ya fita ƙofar gida. Baba ke nan, Allah ya ji ƙansa. Bai tsaya na tambaye shi wace ce gaskiyar ba, kuma ba shi zai haɗu da Hajiya a bakin famfo ba.

Da 'yar Hajiya muguwa ce ko daƙiƙiya da abin ya zo mini da sauƙi. Ba haka take ba. Yarinya ce mai shiru, mai ƙoƙari, da guminta ta kai wannan maki. Ranar Lahadi muka haɗu wajen ɗibar ruwa, ta taya ni ɗora bokiti, ta ce, “Yaya, ki yi abin da ranki ya ba ki, wallahi ba zan riƙe ki ba.” Watanni huɗu kawai na ba ta amma Yaya take ce mini. Ta faɗa idonta cike da hawaye, na ji haushinta don ta faɗa.

Ranar Litinin babu wanda ya yi karatu. Malamai suna rubutu a allo, mu muna ƙus-ƙus. Wasu suna zagayawa aji-aji suna ƙirga kawuna kamar 'yan siyasa, har da masu cewa “namu” da “nasu,” kalmomin da ban taɓa ji a bakin 'yan ajinmu ba. Sista kam ba ta nemi kowa ba. Ni ma ba ta tambaye ni ba. Ta rame, leɓenta ya bushe, amma da hutun tara sai ga ta tana tsokanata wai na fara tafiyar 'yan kimiyya tun ban ga bututun gwaji ba. Sau biyu na buɗe baki in gaya mata zancen Hajiya. Sau biyun na fasa.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka buga ƙararrawa. Duk makaranta ta fito ta zagaye filin da ke gaban ɗakin gwaji. An ajiye kujeru biyu na shaidu: wani Alhaji, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, da wani dattijon coci mai mataimaka masa. Dukansu biyu sun yi zuru, da gani an jawo su ne. Rana tana tsakiyar ka.

Madam ta tsayar da yaran biyu suna fuskantar bangon ɗakin gwajin, da tazara tsakaninsu. Ta ce kada wadda ta waiga har sai an gama an watse, don kada a ji nauyinsu. Ku ji fa. Ɗaruruwan mutane suna kallonmu, amma idanu huɗu ne za su sa mu jin nauyi. 'Yar Hajiya ta faɗo gefen bishiyar mangwaro, inda inuwa take. Sista tana cikin rana, ta haɗe hannaye a baya, ta miƙe ƙyam.

Aka hura usur.

Da farko babu wadda ta motsa. Sai wata ta fita, sai wata, daga nan aka ɓarke. Ban taɓa ganin abu ya fito fili da sauri haka ba. Masu hijabi suka nufi mangwaro, marasa shi suka nufi rana, kai ka ce an raba wake da shinkafa. Na ga Madam ta cire gilashinta ta mayar. Ina jin a lokacin ta gane abin da ta yi, amma an riga an fara.

Ba duka ba ne, kuma dole in faɗi wannan. Wata 'yar ajinmu mai hijabi har gwiwa ta ratsa filin ita kaɗai ta je ta tsaya bayan Sista, aka yi mata “ehem” daga cikin taro, ko gezau. Wasu biyu 'yan Binuwai kuma suka tsaya bayan 'yar Hajiya, domin ajinsu ɗaya tun farko. Ashe ana iyawa. Na gani da idona ana iyawa.

Muka rage mu huɗu a tsakiya. Na hango 'yan unguwarmu a gefen taro, su wajen shida, duk ni suke kallo. Sai na dubi layukan biyu. Na Sista ya miƙe dogo, ya kusa kai wa tutar makaranta. Na 'yar Hajiya guntu ne, bai fita daga inuwa ba. Wani sanyi ya sauko mini. Na ce a raina, ai Sista ta riga ta ci, da ni da babu ni duk ɗaya. In je in tsaya wa Hajiya, in fita kunyar unguwa, Sista ta samu kujerarta, kowa ya tashi lafiya. Har wani daɗi na ji na wayona. Na sunkuyar da kai na shiga inuwa.

Sai da na shiga na ga yadda layin yake. A cunkushe suke, ƙirji da baya, kowa na gudun rana. 'Yan layin Sista kuwa, da yake babu inuwar da za su yi wa rububi, sun tsaya ne yadda aka koya mana a filin taro, tsawon hannu tsakanin kowace biyu. Na ɗaga ƙafa zan fita, wallahi na ɗaga, sai aka sake hura usur, Madam ta ce kowa ya tsaya inda yake.

Malamar ladabtarwa ce ta yi ƙirgar, da rula a hannu, tana taɓa kafaɗar kowacce, duk makaranta na amsawa da ƙarfi. Ta fara da layin Sista. Ina bi a zuciyata ina roƙon Allah. Goma sha bakwai, goma sha takwas, goma sha tara. Ta tsaya. Ba sai an ƙirga namu ba, duk wadda ta ci jarrabawar nan ta san abin da ya rage daga talatin da tara. Amma Madam ta ce a ƙirga, komai a fili. Rular ta sauka a kafaɗata a kan goma sha takwas, biyu suna bayana.

Gefe ɗaya ya ɗauki tafi da guɗa, ɗaya gefen ya ɗauki “ba mu yarda ba.” Wata ta jefa takalmi. Alhaji da dattijon cocin suka miƙe tare suna ɗaga hannu suna ba da haƙuri. Malamin lissafi ya saɓa jakarsa ya nufi ƙofa, bai yi wa kowa sallama ba. Madam ta yi ta ihu a watse, a watse, kowa ya kama hanyar gida, malamai suka shiga tsakani da bulala. Sai da layukan suka narke cikin taro sannan aka ce wa yaran biyu su juyo.

Na yi shekara uku a ɗakin gwajin nan, na wuce, yau da abin da na koya a can nake ci. An daina zaɓen layi daga wannan shekara, ba a kuma sake maganarsa ba. Na daɗe ina ɗora wa Madam laifin duka, kuma tana da nata kaso, domin ba a ba yara 'yan shekara goma sha biyar irin wannan kaya. Amma ba Madam ce ta ja ƙafata zuwa inuwa ba. Kunya nake ji har yau, ba ta ragu ba.

A ranar zaɓen, na so in sulale in tafi. A bakin ƙofa na ji an kama hannuna, na juya, Sista ce. Idonta ya yi ja amma ba ta kuka.

Ta ce, “'Yar Tudu, ina za ki ba sallama?”

Na ce, “Sista, sannu.”

Ta ce, “Kin ga mutum ɗaya fa. Mutum ɗaya kawai.” Ta yi wata 'yar dariya. “Kin san wani abu? Wuyana har ciwo yake, saura kaɗan in waiga. Sai na ce me zan duba? Ko kowa ya gudu, ke dai kina bayana. Shi ya sa na iya tsayuwa. Na gode, kin ji?”

Ga maganar nan a kan harshena, gajeriya ce, ba ta fi kalma biyar ba. Na ce, “Sai haƙuri, Sista.”

Ta ce, “Yanzu babana ne matsalar. Ban san ta inda zan fara ba.”

Muka taka tare har bakin titi, tana riƙe da hannuna, ita ta tsallakar da ni kamar kullum domin ta san tsoron mota nake. Bas ɗinmu ta riga tasu zuwa. 'Yar Hajiya tana ciki, ta ɗora jakarta a kujerar taga ta kama mini wuri. Na shiga na zauna. Ta raɗa mini “Na gode, Yaya,” na juya fuskata wajen taga.

Ta taga ina ganin Sista a tsaye ita kaɗai, tana gyara igiyar jakarta. Sai wata daga cikin waɗanda suka tsaya a layinta ta zo ta dafa ta, ta fara yi mata magana a kunne, tana nuna motarmu da baki. Na ga Sista ta girgiza kai. Yarinyar ta sake magana, ta kira wata ta zo, ita ma ta gyaɗa kai. Sista ta juyo tana bin tagogin bas ɗin ɗaya bayan ɗaya har ta zo kan tawa. Ba ta ɓata fuska ba. Kallona kawai take, tana jira in girgiza kai in ce ƙarya ne.

Kwandasta ya buga jikin mota, direba ya ja. Ban girgiza ba.